Abin da muka tsinta a hirar dokar haraji

Jiya bayan isha'i mun daɗe muna tattaunawa kan yadda doka ke fitowa, ga shawarwarin da na riƙe.

Wani dattijo da ya yi aikin gwamnati yace babbar matsalarmu sai an sa wa doka hannu muke farkawa, alhali ƙudiri sai ya bi karatu na ɗaya, na biyu, sannan ya je kwamiti, kuma a nan ne ake zaman jin ra'ayin jama'a, to nan fa ya kamata ƙungiyar 'yan kasuwa ko malamai su kai takardarsu a rubuce. Ya kawo misalin ƙudirorin haraji huɗu da Tinubu ya tura majalisa a Oktoban 2024, gwamnonin arewa suka yi ca kan rabon kuɗin VAT (harajin da ake ɗorawa kan kaya da ayyuka in an saya) tun da wuri, aka gyara kafin ya sa hannu a Yunin 2025. Wallahi wannan ya shige ni.

Wata malama kuma tace ku san lambar ofishin ɗan majalisarku na mazaɓa, kar ku tsaya zagi a Facebook kawai. Sannan in an zo aiwatarwa a bibiyi kasafin kuɗi, don rubuta kuɗi daban, sakinsu ga ma'aikata daban.