Sitata na yin "ƙas" sau ɗaya, babur ba ya tashi

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Roba-roba ce mai 110cc. In na danna maɓallin sitata sai in ji "ƙas" sau ɗaya daga gefen batir, shi ke nan. Da kik kuwa bugu ɗaya take tashi, fitila da hon duk suna aiki. An ce in sayi sabon solonoid, wato makunnin da ke kai wutar batir zuwa sitata. In saya?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi komai tukuna. Hon da fitila wuta kaɗan suke ci, ba su isa shaida cewa batir lafiya yake ba. Sa mita a kan batirin: cikakke yana nuna volt 12.6. Bar mitar a wurin, ka danna sitata. In ta faɗi ƙasa da 10, batirin ne ya gaji. Kafin nan ma duba kawunan batir, farin garin nan da ke taruwa a kansu yana tare wuta. Fara kwance baƙar waya (ta kan batir mai alamar −), ka goge da sanfefa har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure tam. Duba kuma inda baƙar wayar ta kama jikin babur.

Amsa ta 2: In batir ya tsallake, ga gwajin da zai raba gardama. Sa babur a furi, ka ɗora shi kan tsayuwar tsakiya. Solonoid yana da manyan noti biyu: ɗaya daga batir, ɗaya zuwa sitata. Haɗa su da bakin sukuddireba mai marikin roba, na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Zai yi tartsatsi, don haka a tabbatar babu fetur da ke ɗiga kusa. Sitata ta juya? To tagullar cikin solonoid ce ta ƙone: tana bugawa, wuta ba ta wucewa. Nan ne za ka canza shi. In shiru, laifin na sitata ne ko babbar wayarta. Ƙwanƙwasa jikin sitatar a hankali da sifana kana danna maɓalli. In ta motsa, burushinta (gawayin nan da ke cikinta) sun cinye. A buɗe, a sa sababbi, a share baƙin ƙurar da ta cika ciki.

Amsa ta 3: Ƙari kaɗan, Oga. "Ƙas-ƙas-ƙas" da sauri alamar ƙarancin wuta ce. In ba ƙara ko kaɗan, a nemi fiyus, maɓalli ko suwicin birki. Kuma kada ka riƙe maɓalli fiye da daƙiƙa 5, sitata na ƙonewa.

Mai tambaya: Na auna: 12.5, da na danna ta tsaya 12.3. Na haɗa notin, nan take ta juya.

Amsa ta 2: To solonoid ne. Tafi shago da tsohon solonoid ɗin don a ba ka mai soket iri ɗaya, kuma cire baƙar wayar batir kafin ka taɓa notin.