Maƙwabtana duk ba Hausawa ba ne, ta ina zan fara?

Ummu_Khalil:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Wata huɗu kenan da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Kano zuwa Kaduna, muka kama haya a Barnawa, gida mai sashe huɗu kuma mu kaɗai ne Hausawa. Akwai Inyamurai, akwai Yarbawa, sai wata nas 'yar Kudancin Kaduna da yaranta. Wallahi babu wanda ya taɓa yi min ko kallon banza amma daga gaisuwa a bakin famfo shikenan kowa ya shige ya rufe ƙofa, ni kuma na saba da gidanmu na Gwammaja inda ko gishiri ya ƙare sai dai ki leƙa ta katanga. Kaɗaici ya ishe ni. Yarana ma suna son fita wasa da nasu ina hana su, ni kaina ban san dalili ba. Ya zan yi in shiga jikinsu ba tare da na zaƙe ba?

Dan_TudunWada:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa kafin komai ki gyara suna, kar ki yarda kalmar Inyamuri ta fito daga bakinki a gabansu, ba sa so, Ibo za ki ce. Haka ita nas ɗin, ki tambaye ta yarenta, in ta ce Bajju to Bajju ce ba Kaje ba, in ta ce Atyap kar ki ce Katab, kamar yadda Gbagyi da yawa ba sa son a ce musu Gwari. Mu ma ai zafi muke ji in an kira mu aboki a Legas da wata irin murya.

Kuma rufe ƙofar nan da kika gani tana da tarihi. A nan aka haife ni, da ƙuruciyata layinmu akwai coci akwai masallaci, tare muke buga ƙwallo da su har magariba. Rikicin shari'a na Fabrairun 2000 da wanda ya biyo baya a 2002 su suka raba garin, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, Musulmi suka tattara zuwa su Rigasa da Kawo da Tudun Wada, Kiristoci suka koma su Sabon Tasha da Television da Narayi. Abokina da muke cin tuwo kwano ɗaya sai da na yi shekaru ban sa shi a ido ba alhali muna gari ɗaya, har yau abin yana ci na. Barnawa na cikin unguwannin da har yanzu ake cakuɗe, to kowa yana taka-tsantsan ne, ba ƙiyayya ba ce. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye ma da suka yi gaba da juna, shi Faston har hannu ya rasa a rikicin 1992, daga 1995 suka dawo suna aikin sulhu tare a garin nan.

Hajiyar_Sabo:
'Yata ki kwantar da hankalinki. Shekarata 26 a Sabo ta Ibadan kuma aminiyar da ta fi kowa riƙe min amana Bayarbiya ce. Da me muka fara? Gaisuwa da yarenta kawai. Ki koyi ẹ kaaro da safe, in wani abu ya same su ki ce pẹlẹ, ita ta Ibo ki ce mata kedu, in ba ta da lafiya ki ce ndo. Za su yi dariyar yadda kika faɗa, ki bar su su yi, dariyar ce ke buɗe hira. Sai kwano, ranar Juma'a ki yi waina da miyar taushe ki ba yara su kai kowane sashe, kwano ba ya dawowa haka nan. Ni Bagobira ce, to da ma akwai wasa tsakaninmu da Yarbawa irin na Fulani da Barebari, kullum sai na ce mata baiwata kawo min ruwa, ita kuma ta ce ai kakanta ne ya sayi nawa. Amma abin da ya ɗaure mu da gaske rasuwar mijinta ce, kwana uku ina gidan ina wanke-wanke ina tarbar baƙi, har yau 'ya'yanta Mama suke ce min.

Abu_Sumayya:
Duk na yarda, haƙƙin maƙwabci bai ware addini ba. Sai dai in kwanon ya dawo da nama ko abincin Kirsimeti fa? Malamai sun yi saɓani a kan na bikin, ki tambayi malamin da kika natsu da shi tun yanzu kar abin ya zo miki ba shiri ki mayar musu da abinci a ji kunya. Kuma ki sanar da maigidanki duk abin da za ki yi.

Dan_TudunWada:
Malam gaskiya ne, amma su ma sun san da wannan. Da yawa a Kaduna in za su yanka kaza ko akuya Musulmi suke kira ya yanka, don dai maƙwabci ya ci hankali kwance. In ta yi musu bayani da sakin fuska ba wanda zai ji haushi.

Ummu_Khalil:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Hajiya na bi maganarki. Ranar Juma'a na yi wainar na aika. Shekaranjiya da dare zazzaɓi ya rufe Khalil babansa kuma yana Zariya, na rasa yadda zan yi sai na buga wa nas ɗin ƙofa wajen ƙarfe ɗaya, wallahi ko ɗankwali ba ta tsaya nema ba ta fito da abin awon zafi, ta zauna da ni tana shafa masa ruwa har jikin ya sauka, da safe ita ta raka mu asibiti. Bajju ce, na tambaya. Ita kuma ta Ibo ɗin ta dawo da kwano cike da doya da manja, wai sai na koya mata waina. Don Allah 'yan Kaduna a ina zan samu tanda mai kyau ta ƙasa, Kasuwar Barci ko sai na shiga babbar kasuwa?