Wane suna za mu raɗa wa dabbar da ake kira tardigrade?

Salamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan da na sa hoton wata 'yar halitta na ce a taya ni neman sunanta da Hausa, amsoshi kuma sun taru har sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya. Bari in tattara su a nan, in faɗi inda na tsaya da dalilina. Wanda bai gamsu ba ya yi magana, ba a rufe ƙofa ba.

Ga waɗanda ba su ga farkon zancen ba: Turawa na ce mata tardigrade. Tsawonta yawanci bai wuce rabin milimita ba, ɗigon alƙalami a takarda ya kusa rufe ta. Ƙafafunta takwas, gajeru, masu ƙumba, jikin kuma a kumbure kamar matashin kai da aka ɗaɗɗaure da zare. Tana rayuwa a cikin gansakuka, da ƙasa mai laima, da ƙarƙashin teku, da kan duwatsun Himalaya, har Antaktika. Irin da aka ƙidaya sun haura 1,300.

Amsar da ta fi yawa ita ce "ai ƙwayar cuta ce". A'a. Mun saba duk abin da ido ba ya gani sai da madubin likita mu jefa shi cikin kwandon ƙwayoyin cuta, kuma wannan ɗabi'a tana cutar da karatun kimiyya da Hausa. Wannan dabba ce sosai. Tana da baki, da hanji, da 'yar ƙwaƙwalwa, tana yin ƙwai, tana saɓa kamar maciji, wasu irin ma suna da ɗigon ido biyu. Ba ta sa wa mutum ciwo.

Sai masu fassara kai tsaye. Wanda ya fara bayyana ta a rubuce wani limamin coci ne Bajamushe, Johann Goeze, a 1773, kuma da ya ga yadda take taku sai ya ce mata ƙaramin beyar na ruwa. Sunan ya bi ta har yau a harsunan Turai. Shi ya sa wani ɗan'uwa ya kawo "beyar ruwa". Yallaɓai, Goeze ya kwatanta abin da bai sani ba da abin da ya sani. Mu in muka ce beyar, mun kwatanta baƙo da baƙo, sai mun fara bayanin beyar ɗin tukuna. Ɗaya laƙabin nata na Turanci kuwa, in aka juya shi, zai ba mu "ɗan aladen gansakuka". Na bar wa mai so.

Yanzu ga wanda ya fi kowanne samun masoya: gagara-mutuwa. Na yarda yana da daɗi a baki, ƙirar gagarabadau ce, kuma na san inda aka samo shi. A watan Satumba na 2007 an ɗora busassun dabbobin nan a jikin kumbon Rasha mai suna Foton-M3, aka bar su kwana 10 a sarari inda babu iska ko kaɗan. Da aka dawo da su aka zuba musu ruwa, mafi yawan waɗanda aka kare daga hasken rana sun farka, wasu har suka hayayyafa. Akwai irin da ke jure tururin nukiliya da ya ninka abin da zai kashe mutum sau ɗaruruwa. A 2016 masana a Jami'ar Tokyo suka gano wani furotin a jikin wani irinsu, suka sa masa suna Dsup, wanda ke lulluɓe sinadarin gado ya kare shi. Da suka sa ƙwayoyin halittar mutum da ake reno a ɗakin gwaji su riƙa yin wannan furotin, ɓarnar da hasken ɗaukar hoton ƙashi ke yi musu ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Duk wannan gaskiya ne.

Amma wani dattijo ya tsawata mana, ya ce babu mai rai da ya gagari mutuwa, kada mu sa wa yara wannan kalma a baki. Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka dutse ce, kuma kimiyyar ma tana bayanka. A 2020 masana a Jami'ar Kofanhegan ta Denmark sun gwada wani iri da suka kwaso daga indararon rufin gida. In dabbar tana farke, tana harkarta, zafin digiri 37 na kwana ɗaya yana kashe rabinsu. Digiri 37 fa, ɗumin jikin ɗan Adam. Waɗancan na cikin kumbo ma, waɗanda hasken rana ya doka ba kariya kusan duka sun mutu. Tsutsotsi na cin su, manyansu na cin ƙanana, kuma rayuwarsu ta farke daga 'yan watanni ce zuwa shekara biyu. Sunan da zai sa malami ya fara darasi da "amma fa ba haka ba ne" ya riga ya faɗi jarrabawa.

Shawarar da ta fi tsaya mini a rai ta wata malama ce: gaiwar gansakuka. Malama, kin yi tunani. Gaiwa kifi ce da kan shige taɓo in ruwa ya janye, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta wata da watanni har ruwa ya dawo. Duk wanda ya san gaiwa ya fahimci rabin labarin nan take. Inda muka rabu shi ne, gaiwa barci take yi mai nauyi: tana numfashi, zuciyarta na bugawa, jikinta da ruwansa. Wannan kuwa in gansakukar ta bushe, sai ta janye kai da ƙafafu, ta dunƙule, ta bar kusan duk ruwan jikinta ya fita, abin da ya rage bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Aikin jiki ya sauka har na'ura ta kasa auna shi. Iska na iya ɗaukarta kamar ƙura. Ba numfashi, ba motsi, ba girma, ba tsufa. A ɗiga mata ruwa, cikin awa ɗaya ko 'yan awoyi ta miƙe ƙafa. Kwatancen gaiwa ya dace da buɗe darasi, amma in ya zama suna, yaro zai tashi yana zaton kifi ce.

Daga nan ne na gane muna neman kalma ɗaya ta yi mana aiki biyu. Akwai sunan dabbar, akwai sunan halin da take shiga. Duk rigimarmu a kan na biyun ce, alhali ba ita kaɗai ke da wannan hali ba: wasu tsutsotsi na yi, ƙwan wasu ƙananan jatan lande na yi. In muka ba ta sunan halin, me za mu ce wa sauran?

To ga nawa. Dabbar: tafi-sannu.

Ba ni na ƙaga ma'anar ba. 'Yan shekaru bayan Goeze, masanin Italiya Lazzaro Spallanzani ya ba ta sunan da masana ke amfani da shi, wanda ya zama tardigrade ɗin nan, daga kalmomin Latin biyu, ɗaya jinkiri, ɗaya taku. Mai takun sannu ke nan. Abin da na yi kawai shi ne zuba ma'anar a ƙirar da Hausa ta riga ta mallaka, irin ta faɗa-wuta da tafi-da-gidanka.

Wani ƙanena ya ce ai hawainiya ma sannu take tafiya, kunkuru ma haka. Ƙane, ba faɗa-wuta ne kaɗai ke faɗa wa wuta ba, kuma ba wanda ya taɓa ruɗewa. Suna alama ne, ba cikakken bayani ba. Sannan ka lura da abin da ya sa na fi son wannan: tafiyar ita kanta abin mamaki ce, labarin sararin samaniya ne ya danne ta. A duniyar halittun da ke wannan ƙanƙanta kusan babu mai taku. Masu iyo ne, da masu mutsu-mutsu, da masu jan ciki. Ita kuwa ga taushin jiki, ba ƙashi ba ɓawo mai tauri, amma tana ɗaga ƙafa tana saukewa. A 2021 masana a Jami'ar Rockefeller ta Amurka sun ɗauki bidiyon takunta suka auna, suka ga tsarin da take jera ƙafafu ya yi kama da na ƙwarin da suka fi ta girma sau dubbai. In ba sauri take ba, takan ci kusan rabin tsawon jikinta a daƙiƙa guda. Ƙafafu shida na gaba su ke tafiyar, biyun baya sun juya baya, aikinsu riƙo. Duk wanda ya leƙa madubi, abin da zai fara gani ke nan, ba kumbo ba. Masana biyu na ƙarni na 18, ɗaya ya ce beyar, ɗaya ya ce mai jinkiri, dukansu takun suka kalla.

Kuma sunan ya zo da kirarinsa a hannu, tunda Hausawa sun ce sannu-sannu kwana nesa. Ku ji nisan kwanan. A watan Nuwamba na 1983 masu bincike na Japan suka ɗebo gansakuka a Antaktika, aka ajiye a firiza a digiri 20 ƙasa da sifiri. Ba a narkar da ita ba sai 2014. Biyu suka motsa. Ɗaya ta mutu bayan kwana 20. Ɗayar ta ɗauki kusan mako biyu kafin ta iya tafiya da cin abinci, daga baya ta yi ƙwai 19, 14 suka ƙyanƙyashe. Shekara 30 da ɗoriya, ta tashi ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Wannan labarin ne ya sa na ƙi "sumar fari" a matsayin sunan halin, duk da na so shi da farko. Na Antaktika ba fari ya kwantar da su ba, sanyi ne. "Doguwar suma" kuma likitoci sun riga mu, kuma mai doguwar suma yana numfashi. Kalmar masana ta wannan hali, cryptobiosis, wadda wani masani David Keilin ya fito da ita a 1959, ma'anarta a Girkanci rai a ɓoye. Sai na ce ɓoyon rai. Ran yana nan, ba a dai ganin alamarsa. Ya ɗauki na bushewa, ya ɗauki na daskarewa, bai kuma yi da'awar an mutu an dawo ba, wadda Baba zai sake kama mu da ita. Siffar da take komawa kuwa ba sai mun wahala ba, dunƙule ya isa.

Na gwada su a jimla, don nan ne kalma ke nuna ko za ta rayu. "Tafi-sannu ya shiga ɓoyon rai." "An sami tafi-sannu uku a ɗigon ruwan nan." "Ƙwan tafi-sannu yana da ƙayoyi." "Kumbon Isra'ila mai suna Beresheet da ya faɗi a kan wata a Afrilun 2019 yana ɗauke da dunƙulen tafi-sannu." Ba inda harshe ya sarƙe. Za ku ga na koma "ya" bayan tun ɗazu ina cewa "ta". Da dabba nake magana shi ya sa, amma sunaye masu wannan ƙira namiji suka fi karɓa, kamar tafi-da-gidanka. Jam'i kuma kada a tilasta masa, lamba ko "su" sun wadatar. Wanda ya kawo "tafi-sannaye", Allah ya shirye ka.

Abu ɗaya ya rage ban yanke ba, rubutun: da karan ɗori, ko a haɗe a ce tafisannu kamar yadda gagarabadau ya haɗe? Ni dai na bar karan a yanzu don sabon mai karatu ya ga gaɓoɓin biyu. Malaman Hausa da ke cikinmu, wannan naku ne.