Neman shawara: wane jirgi ne zai dace da turken da ruwa ke janyewa ya bar shi a kan laka?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina zaune a Essex, gabashin Ingila, kuma bayan dogon jira an ba ni turken ɗaure jirgi a kogin Blackwater, kusa da garin Maldon. Ruwan wurin yana bin cika da janyewar teku ne, sau biyu a yini yakan janye ƙaf ya bar jirage zaune a ƙasa, ba a samun fita sai kamar awa biyu kafin cikarsa da awa biyu bayanta. Ina neman jirgi mai inji, mai tsawon mita 6 zuwa 7, mai ɗan ɗakin da yarana biyu za su fake idan hadari ya taso. An yi mini tayin wani mai araha, injinsa a ciki, ƙafar farfelarsa a baya. Iyakar sanina da ruwa shi ne jiragen da na shiga a Yauri ina yaro, don haka ku taimaka mini.

Wani dattijo mai jirgi a Leigh-on-Sea ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka duba jirgin kowa, ka sa dogon takalmin roba, ka nemi wanda ya san wurin ya raka ka lokacin da ruwa ya janye, ku taka ƙasan da ke kewaye da turken, domin ita ce za ta zaɓa maka jirgi. Idan laka ce mai laushi, wadda sanda ke nutsewa a cikinta har tsawon kamu, kusan kowane jirgi zai haƙa wa kansa gurbi ya zauna daram. Idan kuwa yashi ne mai tauri ko tsakuwa, jirgi mai tsinin ciki, irin wanda aka ƙera don gudu, zai kwanta a gefe guda kowace janyewa, man da ke tanki ya karkata, ruwan sama ya taru a inda babu mafita. A irin wannan wuri sai mai shimfiɗaɗɗen ciki, ko mai doro biyu a ƙasa da zai tsaya a kansu, ko wanda ake ɗaura wa ƙafafu a gefe.

Ka kuma zaga duk da'irar da jirgin zai riƙa juyawa a kan sarƙarsa. Ranar da na duba nawa turken, na tsinci bakin wata tsohuwar anka, wato ƙugiyar ƙarfen da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi, ya leƙo daga laka kamar tsawon tafin hannu, ya yi tsatsa baƙi ƙirin. Da jirgina ya sauka a kanta, da ta huda shi.

Wani ɗan'uwa makanike ya ƙara da cewa:

Malam, ka haƙura da wancan mai arahar. Ƙafar farfela irin wannan ba ta ɗagowa ta rabu da ƙasa gaba ɗaya, kuma robar da ke rufe mahaɗinta da jikin jirgi tana kwana cikin laka da ɓawon kawa. Ranar da ta tsage, ruwa zai iya shiga jirgin kana gida kana barci. Na kwance wata a bara, ƙofofin da take shan ruwan sanyaya inji duk sun toshe da laka, ta daskare sai da na sa waya na riƙa tonowa.

Abin da ya fi maka shi ne injin da ake ratayawa a baya, wanda za ka ɗaga shi sama ƙafarsa ta fita daga ruwa kwata-kwata. Ka duba jirage irin su Hardy Pilot 20, da Orkney Pilothouse 20, da ƙananan Merry Fisher na kamfanin Jeanneau, ka tabbatar wanda ka samu injinsa na ratayawa ne. Inji na ciki mai sandar farfela ma yana yi, muddin akwai dogon doro a ƙasa da ke kare farfelar da allon juya jirgi, amma sai ka riƙa buɗe rariyar ruwan injin kafin kowace fita.

Wata 'yar'uwa ta ce:

Yaya, ka tambayi kamfanin inshora tun kafin ka biya kuɗi, domin da yawansu ba sa yarda jirgi ya kwana a irin wannan turke da hunturu, galibi daga Afrilu zuwa Oktoba kawai suke amincewa, sauran watannin sai ka biya a tsamo shi a ajiye a tudu. Sannan ka lura da watan sama. Ruwa ya fi cika kwana ɗaya ko biyu bayan sabon wata da kuma bayan tsakiyarsa, a gaɓarku kuwa wannan babbar cikar takan zo ne wajen tsakar rana. A makonnin da ke tsakani cikar takan yi rauni, har jirgi mai nutso da yawa ya yi kwanaki bai taso daga lakar ba. Ka tambayi maƙwabtan turkenka zurfin da ruwa ke kaiwa a waɗannan ranakun.

Mai tambaya ya dawo:

Allah Ya saka muku da alheri. Na je jiya da safe tare da mai kula da turakun. Laka ce mai laushi, sandata ta shige fiye da kamu biyu, sai dai akwai tsirin tsakuwa ta gefen arewa da jirgin zai iya kaiwa idan iska ta juya, kuma mai kula da turakun ya yi alkawarin rage tsawon sarƙar. Na fasa sayen mai ƙafar farfelar, ranar Asabar zan je duba wani Orkney mai injin ratayawa. Baba na Leigh-on-Sea, in kana da sarari ina roƙon ka raka ni.