Tambaya: Ta yaya Waliyyi Ignatiyus na Loyola ya kafa ƙungiyar Jeswit ta cocin Katolika?

Ɗan_Zonkwa:
Salama gare ku 'yan'uwa. Duk ranar 31 ga Yuli da ake tunawa da Waliyyi Ignatiyus, abin da ake faɗa bai wuce cewa soja ne, aka harbe shi, ya tuba, ya kafa ƙungiya ba. Amma daga harbin a 1521 zuwa amincewar Paparoma a 1540 shekara 19 ne cur. Me ya faru a tsakani? Kuma me ya sa horon fadan Jeswit yake daɗewa haka? Masu sani ku taimaka.

Baba_Katikis:
Ɗana, ka yi tambaya mai kyau. Abin da za ka fara riƙewa shi ne, bai tashi da niyyar kafa ƙungiya ba. Burinsa ya je Urushalima ya zauna can har mutuwa.

A ranar 20 ga Mayu 1521, a yaƙin Pamplona a ƙasar Sifen, harsashin igwar Faransawa ya ragargaza masa ƙafar dama. Ɗorin farko bai zauna daidai ba, sai da aka sake karya ƙashin a gidansu na Loyola, daga baya kuma aka yanke wani ƙashi da ya turo a ƙasan gwiwa, duk babu maganin kashe zafi. Ɗingishi bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Yana jinya ya nemi littattafan jarumta, ba a samu ba, aka miƙa masa tarihin Yesu da na waliyyai. A nan ya lura da wani abu: in ya yi tunanin suna da ɗaukaka yakan ji daɗi, amma daɗin ya wuce ya bar zuciyarsa a bushe, in ya yi tunanin bin sawun waliyyai, kwanciyar ran takan daɗe. Wannan lura ita ce tushen duk koyarwarsa.

A watan Maris 1522 ya ajiye takobinsa a wurin ibada na Montserrat, ya wuce garin Manresa ya yi kusan wata 11. Can ne ya yi kuskuren da ya fi koya masa darasi. Awa bakwai yake addu'a kullum, ya bar gashi da farce, ya matsa wa kansa da azumi. Waswasi ya kama shi, yana furta zunubi ɗaya sau da yawa bai gamsu an gafarta masa ba, har tunanin hallaka kansa ya zo masa. Ya yi mako guda bai sa komai a baki ba sai da fadan da yake furta wa zunubi ya umarce shi ya ci. Ciwon ciki bai sake shi ba daga nan.

Ya isa Urushalima a 1523, amma 'yan ƙungiyar Waliyyi Faransis (Faransiskan) masu kula da wuraren ibada suka ce ya koma, don ana kama baƙi a nemi fansa. Ya dawo Basalona, yana ɗan shekara 33 ya zauna cikin yara yana koyon Latin. A Alcalá an tsare shi kwana 42, a Salamanka kwana 22. Ba a same shi da koyarwar ƙarya ba. Laifinsa shi ne yana bambance wa mutane babban zunubi da ƙarami alhali bai karanci tauhidi ba. Shi ya sa ya tafi jami'ar Paris a 1528.

Malama_Rifkatu:
Baba, bari in ɗora daga inda ka tsaya, don a nan mutane suke ruɗewa. Ana yawan cewa an kafa ƙungiyar ranar 15 ga Agusta 1534 a Montmartre. Ba haka ba ne. Su bakwai ne ranar: Ignatiyus, Peter Faber, Francis Xavier, Laínez, Salmerón, Bobadilla da Rodrigues, kuma Faber ne kaɗai fada a cikinsu. Sun ɗauki wa'adin talauci da tsarkin jiki da zuwa Urushalima, da sharaɗin in tafiyar ta gagara za su miƙa kansu ga Paparoma ya aike su inda ya ga dama. Babu wa'adin biyayya ga shugaba, babu shugaban ma. Ba tare da wannan ba kuwa, abokai ne kawai.

An naɗa Ignatiyus fada a Benis a watan Yuni 1537. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Benis da Daular Usmaniyya, jirgin ruwan da zai kai su hanyar Urushalima bai tashi ba, suka nufi Roma. Da Paparoma ya fara rarraba su wurare, sai tambaya ta taso: mu watse ko mu zama jiki ɗaya? Suka yi watanni a 1539 suna shawara da addu'a, sannan suka yarda da biyayya ga ɗaya daga cikinsu, suka rubuta tsarinsu cikin babi biyar.

Nan ma an sha wuya. Kadinal Guidiccioni, wanda aka ba shi takardar ya duba, yana ganin ƙungiyoyi sun riga sun yi yawa. Ignatiyus ya yi alkawarin hadayar Mas 3,000 in an amince. Paparoma Paul na III ya sa hannu ranar 27 ga Satumba 1540, amma da iyaka: masu cikakken wa'adi kada su wuce 60. Bayan 'yan shekaru aka ɗage iyakar. An zaɓi Ignatiyus shugaba a watan Afrilu 1541, ya ƙi, aka sake zaɓe, bai karɓa ba sai da fadan da yake furta wa zunubi ya ce ya karɓa.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne sun ƙi taruwa su rera addu'o'in sa'o'i tare kamar sauran ƙungiyoyi, ba su da tufa ta musamman, kuma sun ƙara wa'adi na huɗu, na zuwa duk inda Paparoma ya aika. Dalili a fili yake: wanda za a iya tura shi Indiya gobe ba zai yiwu a ɗaure shi da ƙararrawar gida ɗaya ba.

Ɗalibin_Tauhidi:
Game da tsawon horo, ɗan'uwa, duba abin da Baba ya zayyana za ka ga Ignatiyus ya mai da hanyar da ya bi ta zama manhaja, ya cire inda ya ji ciwo.

Sabon shiga yakan yi shekara biyu kafin wa'adin farko, maimakon ɗaya da aka saba a zamanin. A tsarin da ya rubuta akwai gwaje-gwaje: wata guda na halwa, wata guda yana hidima a asibiti, wata guda yana tafiya babu ko kwabo yana roƙon abinci, sai aikin shara da wanke-wanke a gida, da koya wa yara katikisma. Bayan haka karatun falsafa, 'yan shekaru na aiki, yawanci koyarwa, sai tauhidi, sai naɗi, sannan a koma wani zango na gwaji kafin wa'adin ƙarshe. Jimilla takan wuce shekara goma.

Halwar kanta kwana 30 ce, kashi huɗu da ake kira makonni, ko da yake ba lallai kowanne ya cika kwana bakwai ba: zunubi da jinƙan Allah, rayuwar Yesu, shan wahalarsa, tashinsa. Addu'a sau huɗu ko biyar a rana, awa ɗaya kowacce, ɗaya da tsakar dare. Inda ake yawan kuskure biyu ne. Na farko, mutum ya ɗauki littafin halwar da Ignatiyus ya rubuta ya karanta shi kaɗai. An rubuta shi ne domin mai jagora, ba mai halwa ba. Na biyu, yanke shawara lokacin da zuciya ta bushe. Dokarsa ita ce, a lokacin ƙunci kada ka canja abin da ka ƙudurta lokacin da ranka yake kwance. In awa ɗaya ta yi maka nauyi ma, ya ce ka ɗan ƙara a kai, kada ka rage. Mai aiki da iyali kuma ya tanadar masa hanyar yin ta a gida, awa ɗaya da rabi kullum, a shimfiɗa ta tsawon watanni.

Malama_Rifkatu:
Ƙari kaɗan. A 1547 Ignatiyus ya rubuta wa ɗalibansa na Coimbra a Fotugal yana jan kunnensu kan azumi da horon jiki fiye da kima, don ya san inda hakan ya kai shi. Makarantu kuma ba sa cikin shirin farko. Ta Messina a 1548 ce ta buɗe ƙofar, sai ta Roma a 1551. Da ya rasu ranar 31 ga Yuli 1556 membobi sun kai kimanin 1,000, ya bar wasiƙu kusan 7,000. Paparoma Gregory na XV ne ya ayyana shi waliyyi ranar 12 ga Maris 1622, rana ɗaya da abokin ɗakinsa na Paris, Francis Xavier.