Da gaske ɗan badukun nan ne ya rubuta wasannin Shakespeare?

Malamar Adabi ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da adabin Turanci a wata sakandaren 'yan mata, shekarata goma sha ɗaya ke nan. Littafin da ya fi shiga raina shi ne Othello na Shakespeare, wanda na koyar lokacin da yake cikin manhajar WAEC. Ba na mantawa da ranar da muka zo inda Iago ya yi amfani da hankicin Desdemona ya cusa wa mijinta zargi. Aji ya yi tsit, sai wata yarinya daga baya ta ce, "Malama, wallahi haka aka kashe auren yayata." Ba ta taɓa ganin Italiya, inda labarin ya fara, ba, amma ta san annamimi in ta gan shi.

Makon jiya wata ɗalibata ta zo da zancen da ta gani a TikTok, wai ba Shakespeare ne ya rubuta ko ɗaya daga cikin wasannin ba, wai sunansa kawai wani basarake ya ara. Na ce mata zan bincika. Abin ya tsaya mini a rai, don ba na son in gaya wa yara abin da ban tabbatar ba. Masu sani, don Allah, mene ne tushen wannan magana?

Ɗan Birni ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama. Ni dai ina cikin masu shakka. Mutumin nan bai shiga jami'a ba. Abin da aka tabbatar na rubutun hannunsa sa hannu ne guda 6, kuma ba iri ɗaya ya rubuta sunan ba. A wasiyyarsa ya ambaci gidaje da kuɗi, har da gadon kwanciya da ya bar wa matarsa, amma babu littafi ko ɗaya. Ta yaya wanda ya san harkar fada da shari'a da garuruwan Italiya haka zai mutu bai bar zancen littafi ba? Na fi karkata ga Edward de Vere, basaraken Oxford, wanda ya yi zaman fada kuma ya je Italiya da ƙafarsa.

Tsohon Malami ya rubuta:

Malama, Allah ya yi miki albarka da kika ce za ki bincika maimakon ki kori yarinyar. Ɗan Birni, ɗana, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma hukuncin da ka ɗora a kai ne ban yarda da shi ba.

An yi wa William Shakespeare baftisma ranar 26 ga Afrilun 1564 a garin Stratford. Ubansa John baduku ne, mai ɗinka safar hannu ta fata, ya kuma riƙe shugabancin garin a 1568. Garin yana da makaranta inda ake ɗirka wa yara Latin daga safe har yamma, kuma ɗan mai irin wannan muƙami yana da ikon shiga. William ya rasu a 1616. Daga nan har aka shafe fiye da shekara 200 ba a ji wanda ya fito ya ce wani ne ya yi masa rubutun ba. A 1857 wata Ba'amurkiya, Delia Bacon, ta buga littafi tana jingina aikin ga Francis Bacon da wasu manya. Zancen basaraken Oxford kuwa sai 1920 wani malamin makaranta, Thomas Looney, ya zo da shi.

Su kuwa waɗanda suka ci suka sha da shi fa? A 1592 marubuci Robert Greene, ɗan jami'a, ya zage shi a rubuce, ya kira shi hankaka mai ado da gashin wasu, don haushin ɗan wasa ya shigo musu sana'a. A 1598 Francis Meres ya lissafa wasanninsa 12 da sunansa. Wasiyyar nan da ka ambata, a cikinta ya bar wa abokan aikinsa uku, Richard Burbage da John Heminges da Henry Condell, kuɗin sayen zoben tunawa da shi. Biyun ƙarshe su ne suka tattara wasanni 36 suka buga a 1623, kuma 18 daga ciki ba a taɓa buga su ba kafin nan. Ba don su ba da yau ba mu da Macbeth. A gaban kundin, Ben Jonson, wanda kishiyarsa ne a sana'a kuma mutum ne mai kaifin harshe, ya yabe shi, ya danganta shi da kogin Avon da ya ratsa Stratford, ya kuma ce Latin ɗinsa kaɗan ne, Girkancinsa bai ma kai haka ba. Wannan bayanin wanda ya san mutum ne gaba da baya.

De Vere kuma ya mutu a 1604. Wasan Shakespeare The Tempest kuwa ya ɗebo daga labarin jirgin ruwan da ya tarwatse a tsibirin Bamuda a 1609. Ba na ganin hanyar da za a bi a daidaita waɗannan biyun ba tare da murɗe lissafi ba.

Batun ilimi, Shakespeare makaranci ne mai ɗauka daga littattafan da ke kasuwa. Tarihin sarakunan Ingila daga littafin tarihi na Holinshed ya samo, na Rumawa daga fassarar Plutarch da aka buga a 1579, Othello ma daga wani labarin Italiya. Ya kan yi kuskure irin wanda ɗan jami'a zai kauce masa: ya sa agogo yana bugawa a zamanin Julius Caesar. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa ya zuba a Magana Jari Ce, ya sa musu rigar Hausa, ba wanda ya ce littafin ba nasa ba ne. Narambaɗa ma ba a aji ya koyi sirrin fada ba, zama kusa da sarakuna ne da buɗe kunne. Ƙungiyar Shakespeare ta sha yin wasa a fada, daga 1603 ma Sarki James ne ubangidanta.

Abin da ke ɓata mini rai a wannan zance shi ne gindinsa: wai ɗan mai sana'ar hannu ba zai iya wannan hikima ba sai ɗan sarauta. Na koyar da 'ya'yan maƙera da na mahauta shekara 35, ba zan iya haɗiye wannan ba.

Akwai dai wurin da masana suka yarda cewa ba shi kaɗai ba ne. Ya rubuta Henry VIII da The Two Noble Kinsmen tare da John Fletcher, ana kuma ganin hannun Thomas Middleton a Timon of Athens, da na George Wilkins a Pericles. Haɗa hannu al'ada ce a gidajen wasan Landan na lokacin, saboda masu kallo kullum sabo suke nema.

Ɗan Birni ya rubuta:

Baba, na gode, mutuwar 1604 ɗin nan ta ɗaure ni, ban da amsa. Amma rashin littafi a wasiyyar har yanzu yana damuna.

Tsohon Malami ya rubuta:

Wasiyya ba ta lissafa komai, ɗana. Ya bar sauran kayan gidansa a dunƙule ga 'yarsa Susanna da mijinta. In da littattafai, suna cikin wannan dunƙulen.

Uwar Biyu ta rubuta:

Ni ban yi Turanci mai zurfi ba, da Hausa na fara sanin Shakespeare, ta hanyar wasansa Daren Sha Biyu da marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara. Daga baya ɗana ya ba ni labarin Sarki Lear, tsohon da ya raba wa 'ya'yansa mata ƙasarsa tun yana raye, ya fifita masu daɗin baki biyu, ya kori ta ukun da ta ƙi yi masa fadanci. Na yi kuka, don na ga irinsa a unguwarmu. Dattijo ya sa wa 'ya'ya gida da gona da sunansu, ya ƙare a ɗakin zaure yana jiran wanda zai miƙo masa tuwo.

Malamar Adabi ta rubuta:

Allah ya saka da alheri, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ranar Litinin zan rubuta 1604 da 1609 da 1623 a allo, in raba ajin gida biyu su yi muhawara, wadda ta kawo zancen ita za ta ja ɓangaren masu shakka. Hajiya Uwar Biyu, in har kwafinki na Daren Sha Biyu yana nan, ki taimaka ki ara mini, na neme shi a shagunan littattafai uku ban samu ba.