Shin hana sayar da barasa zai rage dukan mata a gidajen Aborijin, 'yan asalin ƙasar Ostareliya?

Malam Nasiru: A ganina babu wata manufar kiwon lafiya da ta kai taƙaita sayar da barasa amfani ga matan Aborijin. A watan Yulin 2022 wa'adin dokar da ta haramta giya a ƙauyukansu na Lardin Arewa ya ƙare, rigingimu suka yi ƙamari a garin Alice Springs, har sai da Firaminista Albanese ya je da kansa a Janairun 2023, sannan aka maido da takunkumin.

Hajiya Rabi: Malam, ban musa ɓarnar giya ba, amma ka tsallake asalin haramcin. A 2007 gwamnatin John Howard ta tura sojoji waɗannan ƙauyuka, ta jingine dokar hana wariyar launin fata ta 1975 domin ta zartar da shirinta, kuma ba ta nemi shawarar masu wurin ba. Waɗannan fa mutane ne da hukuma ta yi ta ƙwace wa 'ya'ya har zuwa shekarun 1970, shi ya sa matar da miji ya karya wa hannu takan gwammace ta jure a ɗaki da ta je asibiti, don gudun kada jami'an walwala su ɗauke mata yara.

Malam Nasiru: To, Hajiya, me za ki ce game da garin Fitzroy Crossing na Yammacin Ostareliya, inda aka taƙaita sayar da giya mai ƙarfi a 2007 kuma masu zuwa asibiti da rauni suka ragu?

Malama Zainab: Wannan misali ai maganar Hajiya ya ƙarfafa, Malam, domin matan garin ne da kansu, ƙarƙashin jagorancin June Oscar da Emily Carter, suka nemi a yi dokar, ba daga Kanbera, babban birnin ƙasar, aka aiko musu da ita ba. Haka ma asibitocin da Aborijin ke gudanarwa da kansu, waɗanda na farkonsu ya buɗe a unguwar Redfern ta Sidni a 1971, nan ne mace ta fi sakin jiki ta faɗi wanda ya dake ta.

Malam Nasiru: Na karɓi gyaran, sai dai yarjejeniyar da gwamnatocin Ostareliya suka ƙulla da ƙungiyoyin Aborijin a 2020 ta yi alkawarin rage cin zarafin da rabi zuwa 2031, kuma ban ga yadda asibiti zai cika shi ba muddin shagon giya yana buɗe a bakin ƙauye.